Rantsuwar Biyu-Biyu

A shekara ta tara ta sarautar Bagudu ɗan Tunau, da sanyi ya ja jiki zafi ya fara kunno kai, Cindo Sarkin Zamau ya ƙetaro iyaka ya kewaye Tudun Maje. Garin nan shi ne ƙofar ƙasar Gazarma ta arewa, yana hayin Gulbin Maje, tafiyar kwana uku daga birni. Mai riƙe da shi kuwa Barde Nomau ne, ɗan Magajiya Gwamma yayar Sarki, kuma shi kaɗai ƙasa ta bar mata cikin 'ya'ya shida da ta haifa. Ba wanda bai san rijiyoyin Tudun Maje ba sa kai ƙarshen bazara ba. Kowa kuma ya san in ruwa ya sauka gulbi ya kawo, ba dokin da zai ƙetare shi sai wata kakar.

Sarki Bagudu ya aika wa sarakunan da ke maƙwabtaka da shi, tara suka amsa kira, kowanne da mashi ɗari a bayansa. Ba ƙaunar Bagudu ce ta kawo su ba, tsoron Cindo ne. Suka kafa sansani a bayan ganuwar birni, kowa ya sa bukkarsa inda zai riƙa hango ƙofar ta ɗan'uwansa. Mutanen wannan yanki Allah ya yi su da zargi. In ka ba mutum ruwa sai ya leƙa gindin ƙwaryar kafin ya sha, in ka yi masa murmushi ya wuni yana tunanin abin da ka ƙulla.

Zargin nan kuwa yana da tushe. A zamanin kakan Bagudu an taɓa haɗa irin wannan runduna, kowane sarki ya rantse wa Sarkin Gazarma shi kaɗai. Aka ci yaƙi lafiya. A hanyar dawowa sarakuna biyu suka kaure kan rabon dawakin ganima, na uku ya shiga rabo ya ɓuge da ɗaukar ɓangare, kafin la'asar an kashe mutanen da suka fi na fagen fama yawa. Da aka tuhume su sai suka ce, "Kai muka rantse wa, ba mu rantse wa juna ba."

Tun daga ranar aka kafa doka. Ba a fita yaƙi da baƙin sarakuna sai kowane sarki ya rantse da kowane sarki, biyu-biyu, a gindin Tsamiyar da ke gabas da birni. Da hudowar rana ake yi. A yanka baƙin bunsuru, mutum biyun su tsoma tsinin masunsu cikin jinin, Magajiya ta miƙa musu farin ƙyalle su ɗaura a reshe. Rana ce shaida, kuma sun ce shaida ba ta ɗaukar magana biyu a zama ɗaya, saboda haka safiya ɗaya rantsuwa ɗaya. Ranar da aka zub da jini a Tsamiya kuwa ba a ɗaura sirdin yaƙi.

Lokacin da aka kafa dokar sarakuna huɗu ne, safiya shida ta ishe su, ko mako ba a cika ba. Wa zai yi ƙorafi a kan abin da bai kai mako ba? Amma bana su goma ne har da Bagudu, sai da aka ci safiya arba'in da biyar. Baƙin bunsuru ya yi wuya a ƙasar, har mai guda ɗaya a gida ya fara tafiya yana ɗaga kafaɗa. Tsamiya ta yi fari fat kamar gonar auduga. Kullum Magajiya tana tsaye da ƙyalle a hannu, fuskarta tana gabas, zuciyarta tana arewa. Ta rame, ta zama mai saurin fushi, in kuyangi suka kawo mata tuwo sai ta tambaye su ko sun san abin da Nomau ya ci yau.

Ranar da aka ɗaura ƙyalle na ƙarshe, shamuwar farko ta sauka a kan rimin ƙofar fada. Tsofaffi suka dubi juna, don wanda ya ga shamuwa ya san ruwa yana hanya. Kafin hantsi ya daɗe sai ga manzo daga Tudun Maje, ya sulale ta cikin sansanin Cindo da tufafin masu itace, leɓɓansa duk sun tsattsage. Ya faɗi gaban Sarki ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, Barde ya ce rijiya biyu sun ƙafe, saura ɗaya. An fara yanka dawaki. Ya ce a gaida Inna, a gaya mata har yanzu ƙofa tana rufe."

Bai rufe baki ba aka ji algaitar Galadima Shekarau a ƙofar gari. Shi ne mai kula da iyaka da tarbar baƙi, kuma yau ya dawo da sarakuna huɗu, kowanne da mutanensa, suna neman a sa su cikin runduna.

Aka buga tambari, majalisa ta zauna. Sarki yana kan karaga, sarakuna tara a damansa, Kaura Jatau shugaban mayaƙa a hagu, Magajiya a kan tabarmarta kusa da ƙofar cikin gida.

Galadima ya fara magana. "Allah ya ba ka nasara, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Cindo ya zo da masu kamar kara a gona. Ga sarakuna huɗu Allah ya kawo mana ba mu nema ba, mashi ɗari huɗu ke nan. Wanda ya yi haƙurin goma, mene ne huɗu? In goma sun ci safiya arba'in da biyar, huɗu ai ba za su wuce goma sha takwas ba."

Kaura ya gyaɗa kai ya ce, "Sha takwas Barde zai iya. Na san shi, ni na koya masa riƙon garkuwa."

Fadawa suka ɗauka, "Gaskiya ne, Zaki! Galadima ya faɗi gaskiya!" Fadawa dai ko Sarki atishawa ya yi za su ce ya faɗi gaskiya.

Magajiya ta miƙe. Ta zaro kibau daga kwarin wani dogari, ta durƙusa kan rairayin da ke gaban karaga, ta kafa biyu ta ja layi tsakaninsu da yatsa. Wani bafade ya yi raɗa wai Magajiya ta koma bugun ƙasa, ta ɗago ta dube shi sau ɗaya, ya haɗiye sauran maganar.

Ta ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, ni na tsaya a gindin Tsamiya kowace safiya, ku kuwa kowa ranarsa kaɗai yake zuwa. Ga sarki biyu, rantsuwa ɗaya. Na uku ya zo." Ta kafa kibiya ta ja layi biyu. "Mutum biyu ya tarar, safiya biyu ya ci. Na huɗu ya tarar da uku, ya ci uku. Baƙo ba shi da rabon safiya guda da aka yanka masa, adadin mutanen da ya tarar yake ci. To, Kaura, na farkon baƙin nan mutum nawa zai tarar?"

Kaura ya ce, "Goma."

"Na biyu fa?"

"Sha ɗaya."

"Na uku sha biyu, na huɗu sha uku. Haɗa mini su."

Kaura ya shiga lanƙwasa yatsu, ya ƙare ya sake daga farko, don bai yarda da abin da ya samu ba. Can ya ce da ƙaramar murya, "Arba'in da shida."



Magajiya ta ce, "Mutum huɗu za su ci safiyar da ta fi ta mutum goma. Me za su ba mu? Na farko mashi ɗari, na biyu ɗari, na ƙarshe ma ɗarin nan dai. Mashi tafiyar tsoho yake yi, takinsa ba ya sauyawa. Rantsuwa kuwa kowane taki nata ya fi na baya faɗi. Sa'ad da muke kaɗan ba a ganin bambancinsu, shi ya sa kakanninmu ba su gani ba. Amma ka ninka sarakuna biyu, mashi zai ninku biyu, safiya ta ninku huɗu har da ɗori. In kuka kai ashirin, damina za ta zo ta wuce kuna yanka bunsuru. Ɗana ba shi da safiya arba'in da shida. Ku fita ku dubi kan rimi."

Liman ya gyara zama ya ce, tun da haka ne a kawo Littafi, kowa ya ɗora hannu a rantse gaba ɗaya a huta.

Barmo Sarkin Dutsi, wanda ya fi duk sarakuna taran zargi, ya yi dariya ya ce, "Allah ya gafarta Malam, rabinmu ba su san alƙibla ba. Sauran rabin sun san ta, amma sun san kaffara. Ni dai ba zan shiga daji da mutumin da bai tsoma mashi da ni ba yana bayana."

Wani sarki ya ce to a bar baƙin a birni. Kaura ya ce wa zai tafi ya bar mashi ɗari huɗu marasa rantsuwa tare da mata da yara? Wani ya ce a sallame su. Sarki ya ce wanda ka kora daga ƙofarka yau, gobe a bayan Cindo za ka gan shi. Aka rasa gaba aka rasa baya.

Da Magajiya ta tsaya a nan, da ta yi aikin da za a daɗe ana yaba mata. Amma uwa ce, tsoro ya cika mata ciki, kuma tsoro in ya rasa mafita sai ya nemi wuyan da zai shaƙe. Ta juya ta dubi Galadima.

Ta ce, "Ruwa ba ya tsami banza. Me ya sa baƙin nan ba su zo jiya ba, ba su zo wancan makon ba, sai ranar da aka ɗaura ƙyalle na ƙarshe? Wa ya san ranar? Wa yake da 'yan aike da ke kai da kawowa a hanyar arewa? Wa uwarsa take 'yar Zamau? Allah ya ja zamanin Sarki, a tambayi Galadima abin da Cindo ya ba shi a kan ran ɗana."

Sarki ya ce, "Yaya!" Tun da ya hau karaga bai taɓa kiranta haka a gaban jama'a ba.

Galadima bai tashi ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ranki ya daɗe, shekara talatin ina cin tuwon gidan nan. Ranar sunan Nomau ni na riƙe ragon. Na yi kuskuren ƙidaya, na yarda, kuma kunyarsa ta ishe ni. Amma wannan da kika ɗora mini ya fi ƙarfin wuyana."

Sarki ya sa aka shigo da baƙin. Babbansu wani tsoho ne, Mayau Sarkin Kanya, gemunsa fari, rigarsa duk toka. Sarki ya ce, "Sarkin Kanya, wa ya kira ku Gazarma?"

Mayau ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ba wanda ya kira mu, koro mu aka yi. Mutanen Cindo suka zo suka ƙone mana rumbuna. Abin da ya ɗaure mini kai, ba su kashe ko mutum ɗaya ba, ba su karɓe mana mashi ko guda ba. Jarumin da ya jagorance su har salkar ruwa ya ba ni. Ya nuna mini hanya da bulala ya ce, 'Tsoho, ku tafi Gazarma, ana rantsuwa.' Ya ce kada mu yi sauri, akwai wasu uku da za su same mu a mararraba. Galadima kuwa a bakin iyaka ya tsince mu, har ya tsare mu wuni guda yana tambaya kamar mu ɓarayi ne. Kuma na ji mutanen Cindo suna cewa in wata ya tsaya za su koro wasu sarakuna shida."

Sai a lokacin manya suka tuna. Cindo a Gazarma ya girma, garkuwa aka ba da shi tun yana ƙarami a zamanin Tunau, ya sha ganin rantsuwar Tsamiya da idonsa. Bai sayi kowa a fada ba, bai ma bukaci saye ba. Dokar Gazarma ya ɗauka ya ɗaure Gazarma da ita, yana aiko musu da mashi ɗari huɗu yana karɓe wata guda da rabi. Cindo mai yatsa shida ya riga masu biyar ƙidaya.

Mayau ya dubi layukan da ke kan rairayi, aka yi masa bayani. Sai ya miƙa hannu aka ba shi mashinsa, ya ajiye shi a gaban karaga. Ya ce, "Mai mashi ake rantsarwa. Ni daga yau ba ni da mashi, baƙon cin tuwo ne. A kulle makamanmu a taskar Sarki har ku dawo." Sauran ukun suka dubi juna kamar yadda aka saba, sa'an nan su ma suka ajiye nasu.

Sarki ya miƙe tsaye ya ce, "Kaura, gobe da asuba a ɗaura sirdi."

Fadawa suka ɓarke da kirari. Magajiya ta ji kamar an sauke mata dutse daga ƙirji. Amma Barmo Sarkin Dutsi bai tashi daga zaune ba.

Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, saura magana ɗaya. A gabanmu aka kira Galadima maci amana, kuma yayar Sarki ce ta kira shi, mai riƙe da ƙyallen Tsamiya. Galadima shi ke tsaron bayan runduna. Tsohon nan ya wanke shi da baki, to amma tsohon nan wa ya wanke shi? Ba tare suka shigo ba?"

Magajiya ta ce, "Na janye maganata. A gabanku na faɗa, a gabanku na janye. Zafin zuciya ne."

Barmo ya ce, "Ranki ya daɗe, magana zarar bunu ce. Ke kika fi kowa sanin doka, zargin cin amana a Tsamiya kaɗai ake wanke shi, mai zargi da wanda aka zarga."

Galadima ya ce, "A bar ni a gida. A ɗaure ni ma in ana so, a tafi."

Kaura ya girgiza kai. Kashi ɗaya cikin uku na dawakin Gazarma mutanen Galadima ne, ba za su bi kowa ba alhali ubangidansu yana ɗaure da sunan cin amana. Sarakuna kuwa ɗaya bayan ɗaya suka koma bayan Barmo, har waɗanda ba su yarda da zargin ba, don kowa yana tsoron a ce me ya sa shi bai damu ba. Magajiya ta roƙa. Matar da ba ta taɓa durƙusa wa kowa ba sai ubanta ta durƙusa wa Sarkin Dutsi, mai garin da bai kai unguwa guda ta Gazarma ba. Ya kawar da kai ya ce ba shi ya kafa doka ba.

Washegari da hudowar rana aka yanka baƙin bunsuru. Galadima ya tsoma mashinsa. Magajiya ba ta da mashi, sai ta tsoma mazarinta na kaɗi. Ita ta miƙa ƙyallen, ita ta kama ɗaya bakin suka ɗaura. Daga nan aka zauna, don an zub da jini ba a ɗaura sirdi. Dawaki suna tsaye a turke sun ƙoshi, sirada suna jere a inuwa, mayaƙa suna dara a gindin ganuwa. Magajiya ta wuni a soron ƙofar arewa tana kallon hanya. Da la'asar hadari ya haɗu can gabas, ya yi baƙi, iska ta kaɗa shi ya bi arewa. Ba ta taɓa tsanar wani abu a duniya kamar yadda ta tsani bakinta a wannan wuni ba.

Da asubar kashegari runduna ta tashi. Kaura ya kore su kamar mai korar garke, ba a sauka sai don dawaki su sha ruwa. A rana ta uku da azahar suka iso Gulbin Maje, suka tarar ruwan da aka yi a tudu ya fara isowa, jajawur, yana ɗauke da itatuwa. Inda ake takawa da ƙafa wancan makon yanzu ya kai ƙirjin doki. Sarakuna suka ja linzami, kowa yana jiran ya ga wanda zai fara shiga. Galadima bai jira umarni ba. Ya bar bayan runduna inda aka sa shi, ya ratsa ta tsakiyarsu ya faɗa ruwan da lifidinsa, mutanensa suka bi shi. Kunya ta kama sauran. Aka ƙetare, gulbi ya ci dawaki kusan talatin da mahayansu.

Daga hayi suka hango hayaƙi. Tun da safe Cindo ya tara duk ƙarfinsa a ƙofar Tudun Maje, don shi ma ya ga hadari, kuma ya tabbata Gazarma tana can tana yanka bunsuru. Ko 'yan leƙen asiri bai ajiye a bakin gulbi ba. Mutanensa sun wuni suna hawan ganuwa ana zubo su, kibansu sun ƙare, ƙishirwa ta gallabe su, duk sun ba gulbi baya.

Kaura ya sa aka buga kuge. 'Yan baka suka saki kibau sau biyu, sa'an nan 'yan lifidi suka shiga ta tsakiya, Galadima ta hagu, sarakuna ta dama. Abin mamaki, Barmo Sarkin Dutsi ya yi faɗan da ba a taɓa zaton yana da shi ba, don ranar ce kaɗai a rayuwarsa da bai waiwaya ya duba bayansa ba. Mutanen Zamau suka juyo suna neman garkuwoyin da suka jingine a gindin ganuwa. Na cikin gari da suka ji kugen Gazarma suka hau ganuwa suna jifa da duwatsu da tukwane, mata suna guɗa da busassun maƙogwaro. Kafin rana ta yi ja rundunar Cindo ta watse. Shi kansa ya tsere da mahaya kaɗan, ya bar tamburansa da laimarsa a fili. Tun daga ranar Zamau ba ta sake ɗaga kai ba har ƙarshen zamanin Bagudu.

Galadima ne ya roƙi Sarki a bar shi ya riga kowa komawa. Sai da ya bi ta kwalekwalen masunta, don gulbi ya riga ya rufe. Ya iso Gazarma da hantsi, garin yana ta kiɗa don labarin nasara ya riga shi, amma na Barde bai iso ba. Bai tsaya a fada ba, ya wuce gidan Magajiya. Ya same ta zaune a zaure. Ta dubi hannunsa ta ga takobin Nomau, ba ta yi kuka ba.

Ya durƙusa ya ajiye takobin a gabanta. Ya ce, "Ranki ya daɗe, ƙofa ba ta buɗe ba. A bakinta ya faɗi, yana tsaye a kan aikinsa. Allah ya ba ki haƙuri."

Ta ce, "Yaushe?"

Galadima ya san za ta tambaya, kwana uku yana shirya amsar a hanya. Ya ce, "Ya daɗe. Tun kafin manzonsa ya iso nan, kwana biyu bayan fitowarsa. Ko da mun tashi ranar da shamuwa ta sauka, ba za mu same shi ba. Ba abin da wani ya yi ko ya bari da zai sauya wannan."

Magajiya ta daɗe tana dubansa. Ta shafa kuben takobin. Sa'an nan ta ce da muryar da bai taɓa jin ta da ita ba, "Shekarau, mutanen Zamau suna ɓata gawar jarumi. Sun taɓa masa fuska?"

Ya yi saurin cewa, "A'a, wallahi ko ƙwarzane babu. Da na ɗaga shi kamar mai barci, har jikinsa bai gama yin sanyi ba."

Yana rufe baki ya ji abin da ya faɗa. Ya sunkuyar da kai.

Daga waje ana jin kalangu da guɗa. Magajiya ta ɗauki takobin ta ɗora a cinyarta. Safiya arba'in da biyar doka ta ci, arba'in da shida ita ta ƙwato da hannunta a gaban karaga, ɗaya tak ta ci da bakinta, kuma ɗayar nan ce Nomau yake bukata.

Ta ce, "Shekara talatin ban taɓa kama ka da ƙarya ba, na kira ka maci amana. Yau ka yi mini ƙarya, ga shi ba ka ma iya ta ba."

Galadima ya ce, "Ki gafarce ni, ranki ya daɗe."

Ta ce, "Sake faɗa mini ta farkon. Ka faɗa a hankali, ko Allah zai sa in yarda."